Wa Zai Sha Nonon?

Litinin, 3 ga Oktoba 1983, bayan la'asar

Na dawo daga Sakkwato da kwali babu komai a ciki. Kantuna uku na shiga, har da babban nan mai sanyi da nake zuwa duk ƙarshen wata tun da aka kawo ni koyarwa Bodinga. Inda ake jera madarar gwangwani ta jarirai, yanzu man goge takalmi aka jera da tsintsiyar roba. Na tambayi mai kantin, ya ce kaya ba sa shigowa ƙasa, in leƙo wani mako. Haka ya ce mini wancan makon, da na bayansa.

Zulaihatu ta karɓi kwalin ta girgiza shi, ta ajiye bayan ƙofa. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar tana kwance a tabarma. Shekararta ɗaya da wata takwas. Ita ce ta farinmu, kuma a gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a idon mutane, ba ya nuna ya san da shi. Ko a wannan takarda da ba mai gani, hannuna ya ƙi rubuta sunan. Ƙafafunta sun ƙara kumbura. Matan maƙwabta na cewa tubarkalla ta yi ƙiba. Ni dai na san ƙiba, wannan ba ita ba ce, kuma tsoro nake ji.

Laraba, 5 ga Oktoba, da hantsi

Mun kai ta sha-ka-tafi. Ni a gaba, Zulaihatu da goyo can baya, kamar ba tare muke ba. Malam Mijinyawa, malamin asibitin, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya danna ƙafarta da babban yatsa, ya ɗauke, wurin ya zauna a lotse. Ya shafa gashinta da ya koma ja-ja, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Mainasara, mi kuka ba ta?"

"Madara," na ce. "Ta kanti. Mai tsada ma."

"Cokali nawa cikin kwalba guda?"

Zulaihatu ta dube ni. Ni kuma na tsaya karanta kalandar da ke bango, don tun da madarar ta yi wuya muke tsinka ta da ruwa.

Ya faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba. Suna ne da ban taɓa zaton za a faɗa a kan ɗiyar malamin makaranta mai babur ba.

"Ba ni da allurar ciwon ga," in ji shi. "Maganinai kasuwa shike. Madarar shanu sabuwar tatsa, a tahasa, a dama da kunun gero da gujiya. Sannan wake, kihi, ganye. Kaɗan-kaɗan, dut sa'a biyu. Amma madarar ita a kan gaba, don ita cikinta ka iya ɗauka yanzu. Kuma ka saurare ni. Kumburin ga hawa shikai. In ya kai huska, sai babban asibiti Sakkwato, can ma ban yi maka alkawali ba."

Na ce na gode. Muka kamo hanyar gida.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Shekara huɗu ina garin nan, yau na fara shiga kasuwar Bodinga da niyyar cefane. Da can almajiranta nake yi wa kanti: shinkafar waje, tumatirin gwangwani, kifin gwangwani, komai a rufe da murfi. In na wuto da kwali ɗaure a bayan babur, sai in ɗaga wa 'yan kasuwa hannu kamar mai wucewa a jirgi.

Ba su manta ba. Mode mai kayan miya ne ya fara hango ni.

"A'a! Jama'a ku zo ku ga Malam na kanti! Hanya ta ɓace maka, ko Turawan sun kore ka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, me zan yi? Na zaɓi wake mai haske na ce a auna. Mode ya karɓe daga hannuna ya watsa a tafinsa, ya nuna mini ƙananan huji a jiki.

"Wanga ƙwari sun riga ka. Kai da ka koya ma ɗiyanmu lissahi ba ka san wake ba?"

Shi ya zaɓar mini wani, ya haɗa da gyaɗa da zogale ɗanye da busasshen kifi. Bai tambayi na wane ne ba, na ji daɗin haka.

Madara ce babu. A rumfar masu nono mata biyu kawai na samu, ƙoren nasu rabi-rabi. Suka ce annobar bushiya ta shiga shanu bana, ga damina ta ɗauke da wuri, ruga da yawa sun tashi. Ɗaya ta ce in gwada Shagari ranar Asabar, akwai sauran Fulani a wajen.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da yamma

Ta sha kunun gyaɗa cokali uku, ta kawar da kai. Ba ta kuka. Kallo kawai take yi.

Asabar, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Shagari. Gaskiya na ji sauƙin zuwa inda ba a san ni ba.

Masu nono suna ƙarƙashin wata bishiyar tsamiya a gefen kasuwa. Aka nuna mini wata tsohuwa, Abu, aka ce in akwai mai saniyar tatsa to ita ce. Doguwa ce siririya, idonta kamar na alƙali. Muka gaisa, na ce madara nake so, sabuwa.

Ta dubi wandona, ta dubi biron da ke aljihuna, ta dubi babur.

"Wa za shi sha?"

Ga maza zaune a benci suna shan fura, kowa ya kasa kunne. Na ce, "Mutanen gida."

"Babu madara. Ga nono."

Ta buɗe faifai ta zuba mini. Na karɓa na ɗaure na taho ina murna, wai na samo. Da na iso, Zulaihatu ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Ta ce tsala ce, an kaɗe man an cire, an ƙara ruwa, an zuba garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ni duk farin abu a ƙwarya nono ne a wurina. Mun dai gwada ba yarinyar. Ta amayar.

Litinin, 10 ga Oktoba, da safe kafin makaranta

Kumburin ya wuce idon sawu, ya kama ƙwauri.

Talata, 11 ga Oktoba, bayan azahar

A aji na rubuta kwanan wata a allo sau biyu. Yara suka yi ta ƙus-ƙus, ban ko tsawata ba.

Wani abokin aikina ya ce an ga motar kaya ta sauke madara a wani kanti a birni. Na roƙi hedimasta na tafi. Layi har bakin titi, 'yan sanda na dukan mutane da bulala. Na tsaya sa'a uku, da na kai ƙofa aka ce sabulu ne, kuma ya ƙare. A hanyar dawowa na riƙa zagin kaina. Mutumin da ya san ciwon ya ce maganin na kasuwa, ni kuma ƙafata kanti ta sani.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da yamma

Inna ta zo daga Sakkwato. Mahaifiyata ba ta aiko ba, sai ganinta muka yi da ƙullin kaya a ka. Ta ɗauki yarinyar ta juya ta, ta duba tafin hannunta. Can ta ce wa Zulaihatu, ba ni ba:

"Wata nawa tas sha mama?"

"Bakwai, Inna."

"Hmm."

Ta san amsar tun kafin ta tambaya. Tana nan ranar da na ce a yaye ta a koma madarar gwangwani, kuma ta faɗi nata a lokacin. Na tashi na fita duba babur, alhali lafiyarsa lau.

Tun da Inna ta zo ba na shiga ɗakin sai in tana salla. In na shiga ma tsayawa nake daga ƙofa in leƙa fuskar. Fuskar nake dubawa kullum.

Asabar, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Shagari kuma. Tun daga Bodinga nake shirya maganar a raina, na jera ta tsaf kamar darasi. Da na iso tsamiyar, sai ga wasu ma'aikata biyu a gabana, masu biro irina, suna roƙon Abu madarar shayi, wai tun da ta gwangwani ta ɓace shayinsu ya lalace. Ta sallame su da baki ɗaya. Sannan ta juyo.

"Kai na wancan mako. Wa za shi sha?"

Bencin masu fura a cike. Har da wani dattijo mai kama da babana. Na ji bakina ya ce, "Wata yarinya ce a unguwarmu."

"Uwayenta su zo."

Na ce zan saya ko nawa ne. Nan ta ɓata rai.

"Malam, saniya guda ta rage muna mai nono. Ɗan maraƙinta na sha, jikokina na sha. In ɗebe in ba ka ka zuba ga shayi? Ga nono in kana so."

Ban saya ba. Na tura babur har bayan kasuwa kafin na tayar da shi. Kalma biyu ce kawai ta gagare ni. Ina koya wa yara arba'in magana kullum, kalma biyu ta gagare ni.

Na ce wa Zulaihatu ba a samu ba. Ban ce mata me ya sa ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, bayan magariba

Yau cika-ciki. Duk unguwa ƙamshin miya, ko'ina ana kiran yara su zo su ƙara. Maƙwabta sun aiko mana da tuwo kwano uku. Inna ta ɗiba a yatsa ta kai bakin yarinyar, ta ce ai yau ko jariri ba ya kwana da yunwa. Yarinyar ta rufe ido.

Kwanukan suna nan a rufe. Ba wanda ya ci.

Talata, 18 ga Oktoba, da asuba

Bayan hannunta ya kumbura. Zoben azurfar da Inna ta sa mata da suna sai da sabulu aka cire.

Laraba, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Malam Mijinyawa ya biyo ta gida da kansa, a kan kekensa. Ya ce wake da kifin suna taimakawa, amma abin da take ci bai kai ya riƙe ta ba. Ya tambayi madara. Na ce babu a kasuwa.

"Babu, ko ba a ba ka ba?"

Na ce ba a ba ni ba.

"Mi kac ce musu?"

Da na gaya masa, sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malam, ni ma ɗan hwari gare ni, shekara talatin ban kira sunanai ba. Amma ni ban taɓa zuwa neman rai nai ba in ce ɗan unguwa na."

Bayan ya tafi Zulaihatu ta same ni a zaure. Ashe ta ji. Na zaci yau za ta fasa abin da ke cikinta tun watanni. Ta ce kawai, "Ban ce kai na ba. Ban taɓa cewa ba. Amma in da ni ka hita kasuwa, da na hwaɗi." Ta koma ciki.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da yamma

Na leƙa sau shida yau. Fatar idonta ta dama kamar ta yi nauyi. Ko idona ne. Inna ta ce barci ne. Allah ya sa barci ne.

Juma'a, 21 ga Oktoba, bayan masallaci

Ba barci ba ne.

Asabar, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, don kada in gyara shi a raina daga baya.

Na isa Shagari rana tsaka. Mutane sun fi na kullum. Abu na zuba wa wani fura, ta gan ni ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na tsaya har ta gama. Ta ɗago.

"Malam, ban da madarar shayi."

"Ba shayi ba ne. Yarinya ce ba lafiya. Ta kumbura."

"Ɗiyar wa?"

Na ga duk bencin ya juyo. Ludayin wani ya tsaya a iska. Na tuna fatar idon nan, sai na ji murya ta fito da ƙarfin da ban yi niyya ba, irin wadda nake yi wa 'yan bayan aji.

"Ɗiyata ta. Ta hwari. Mutuwa za ta yi."

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ga ina kuka a tsakiyar kasuwar Shagari, da wando da biro da komai. Masu fura kowa ya sunkuyar da kai cikin ƙwaryarsa. Abu ta miƙe ta tsaya tsakanina da su, ta juya mini baya tana gyara faifai da ba abin da ya same shi, har na share fuska.

Da ta juyo faɗa ta rufe ni da shi, amma a hankali.

"Mako biyu! Mako biyu kana zuwa kana ce man mutanen gida, kana ce man ɗiyar unguwa. Kunyar ga wurinmu kunka gane ta, mu mun hi ku iya ta. Amma ran da tawa ta hwari tak kwanta, ihu niy yi har rugar gaba ta ji. Ina tambaya tai wa za shi sha don in san abin da za ni zuba. Na mai shayi daban, na mai hura daban, na majinyaci daban. Kai ka sa na ba jinjira tsala."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita zan roƙa ba.

Ta ce madara ba ta zuwa kasuwa, kafin rana ta yi sama ta juya. In zo ruga da sassafe lokacin tatsa. Ta kwatanta mini hanya: bayan gari, a bi burtali, a bar gonar albasa a hannun hagu. Yau dai ta ɗaga wani ƙaramin faifai a ƙarƙashin kayanta, ta fito da 'yar ƙwarya ta kindirmo da ba a taɓa ba, wanda ta ajiye wa jikokinta. Ta ce a ɗumama, a ba ta da cokali.

A gida yarinyar ta sha cokali tara. Na tsaya a ƙofa ina ƙirgawa. Ba ta amayar ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, da hantsi

Na yi asuba na hau hanya. Rugar bukka huɗu ce. A gefe akwai wurin da aka binne shanu, ƙasar sabuwa ce, ba sai an gaya wa mutum ba. Garken da ya rage bai kai goma ba. Mijin Abu ya amsa sallamata daga nesa, bai matso ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Saniyar fara ce mai baƙin kunne. Abu ta saki ɗan maraƙin ya fara tsotsa, sannan ta janye shi ta durƙusa. Ban taɓa ganin tatsa kusa ba, ni da na sha shekaru ina karanta wa mutane abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Jikokinta biyu na tsaye da ƙoƙuna. Na ga ta rage nasu. Na kawar da kai.

Ta zuba mini a gora ta toshe da ganye, ta ce kada in tsaya gaisuwa a hanya. Gorar da ɗumi a jikina har Bodinga.

Talata, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Kwana uku ke nan. Ina isa makaranta a makare, hedimasta na duban agogo, ni ina duban ƙasa. Man babur sai an bi layi, jiya sai da na tura shi daga tasha.

Yarinyar tana sha. Zulaihatu na dama kunun gero da gyaɗa ta zuba madarar bayan ta tafasa. Duk sa'a biyu, kamar yadda aka ce. Inna ce ke riƙe ta.

Fuskar ba ta ƙaru ba. Ba ta ragu ba kuma. Ba na son in sa rai, sa rai ma tsoro yake ba ni.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da safe

Wata saniya a rugar ta kwanta, ido na zubar ruwa. Ba farar ba ce. Abu ta ce sun raba su. Duk hanya ina addu'a, kuma na kama kaina ina yi wa saniya addu'a kafin in yi wa kowa.

Asabar, 29 ga Oktoba, da yamma

Yau na zaci ta ƙare.

Da na dawo da madara na tarar da Zulaihatu a tsakar gida tana jirana. Ta ce in zo in gani. Kumburin ya sauka, kusan dare ɗaya. Abin da ya rage a tabarmar ban san shi ba. Ƙafafu kamar sillen kara, fata ta yi yaushi tana reto, haƙarƙari a fili. Inna ta fara salati a hankali, irin wanda na san ma'anarsa.

Na fita a guje ba takalmi. Na samu Malam Mijinyawa yana rufe sha-ka-tafi, na ce ta zube, ta ƙare, madarar ce ta cuce ta. Ya biyo ni. Ya durƙusa ya duba ƙafa, ya duba ido, ya tambayi fitsari. Zulaihatu ta ce tun jiya take jiƙa zani.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ruwan na ka hita. Wagga da kuka gani ita a ɗiyarku ta gaskiya, da can ruwa kuka goyo. Yanzu za a hwara gina ta."

Inna ta ce, "Malam, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba, Inna, Allah ka tabbatarwa. Amma hanya ta kenan. Kar dai a yanke abincin ga ko na yini guda. Yanzu ta hi kowane lokaci rauni."

Na raka shi ƙofa, sai a nan na lura ƙaya ta shige mini a ƙafa.

Litinin, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Mode ya ajiye mini zogale tun safe a ƙarƙashin buhu mai laima. Ya ce ya ji labari daga masu zuwa Shagari. Ashe duk kasuwannin nan kunnensu ɗaya. Na jira tsiya, bai yi ba. Ya ce kawai, "Ƙaƙa mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ƙara mini kifi biyu a kan wanda na zaɓa, ya ce na zaɓi mai kyau yau, in ci gaba da ƙoƙari ko zan ci jarrabawa.

Talata, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Saniyar da ta kwanta ta mutu. Na tarar da maza a tsaye suna magana da Fillanci, da na iso suka yi shiru. An kwance wata bukka. Na tambayi Abu, ta ce gyara ake yi. Ba ta dube ni ba.

Ta tambayi yarinyar me take ci ban da madara. Na lissafa mata. Ta ce a ƙara wake, a riƙa murje shi da ɗan mai, a saba mata da shi tun yanzu. Na ce ai ga madara. Ta ce a dai saba mata.

Kar a yanke ko na yini guda. Haka Malam Mijinyawa ya ce. Ko na yini guda.

Laraba, 2 ga Nuwamba, da yamma

Ta bi cokali da ido yau. Har yanzu ba ta yi sauti ba, rabon da in ji muryarta tun kafin Inna ta zo.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, da safe

Abu ta cika gorar har wuya, abin da ba ta taɓa yi ba. Jikokin ba su samu komai ba. Na ce ta rage, ta ce in tafi rana na yi.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Sun tashi.

Na iso na tarar da fili. Turaku a tsaye, toka da sauran ɗumi, kashin shanu, shi ke nan. Wani mai ban-ruwan albasa ya ce tun kafin asuba suka kaɗa abin da ya rage suka yi kudu, gudun ciwon. Bai san ina ba. Ya ce su ma da wuya in sun sani.

Na zauna a kan turke da gora a hannu. Ban ji haushinta ba. Ta gaya mini tun Talata, da irin maganarsu, ni ne ban so in ji ba. Na bi ƙauyuka biyu a hanya ina tambayar mai saniyar tatsa ko akuya, ina faɗin na wa ne tun kafin a tambaye ni. Babu. Rana ta yi sama, sa'a biyu ta wuce, ta sake wucewa.

Da na shigo unguwarmu sai na ji kuka daga gidana.

Na kashe babur tun daga nesa. Na sauka na tako da ƙafa. Na san ranar nan za ta zo, na sha ganinta a raina, har na san wanda zan aika Sakkwato ya faɗa. Na dafa bango na isa zaure ina inna lillahi. Sai a nan kunnena ya rarrabe. Ba kukan manya ba ne. Murya ɗaya ce, ƙarama, a shaƙe, mai fushi.

Tana zaune a cinyar Inna, zaune da kanta, baki a buɗe, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tsala ihu har jijiyar wuyanta ta fito. Zulaihatu na tsaye a kanta tana dariya tana kuka.

"Tun hantsi taka yi," in ji Inna. "Abincinta ya makara. Ina madarar?"

Na nuna gorar. Na juya ta ƙasa.

Yarinyar ta ci gaba da ihu. Zulaihatu ta juya ta shiga madafa, ta fito da kunun gyaɗa zalla da murjajjen wake a kofi. Wannan kunun ne yarinyar ta kawar wa kai wata guda da ya wuce. Inna ta karɓa za ta ba ta, yarinyar na ta fizge-fizge, kunun na zuba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ajiye gorar na ɗauke ta daga cinyar mahaifiyata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na zauna a ƙasa na kai kofin bakinta, ta kama shi da hannu biyu, ta sha tana ajiyar zuciya, kunu na bin haɓarta yana sauka a rigata ta Juma'a. Ta shanye. Ta leƙa cikin kofin, ta dube ni, ta sake fasa ihu.

Inna ta dube ni da ɗiya a hannu, ta dubi Zulaihatu.

"Ke kuma mi kika jira? Ƙaro mata."

Har yanzu ina jin tsoro, ban san ranar da zan daina ba. An kira sallar Juma'a ina zaune a wurin, kofi na uku a hannuna.